Digiri a bakin aiki ko zaman jami'a: amsa ga Hajiya kan karatun na'urorin awo da sarrafawa a Ingila

Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Kin ce yaronki yana shekarar ƙarshe ta A-level a nan Ingila, yana ɗaukar lissafi da fiziks, ransa kuma yana kan injiniyancin na'urorin awo da sarrafa injina. Hanya biyu ce a gabansa: ko ya shiga jami'a ya yi karatu zalla, ko ya nemi kamfanin da zai ɗauke shi aiki ya biya masa digirin, yana aiki yana karatu. Abin da ke damunki shi ne kada ya ƙare da takardar da ba ta kai ta abokansa ba.

Wannan damuwar ki ajiye ta. Tun 2015 aka fara wannan tsari a Ingila, kuma abin da ake bayarwa a ƙarshensa digiri ne na jami'a, BEng, irin wanda ɗan aji yake karɓa. Jami'a ce ke koyarwa, ita ke jarrabawa, sunanta ne a jikin takardar. Bambancin yana cikin yadda shekarun suke tafiya da kuma irin injiniyan da ke fitowa daga ciki. Ni da nake cin abinci a wannan sana'a na fi karkata ga hanyar bakin aiki, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin yana da nauyi.

Lissafin kuɗi ba shi da wuya. Ɗan jami'a da ya shiga a 2025 an caje shi har fam 9,535 a shekarar, shekara 3 kuwa a wannan farashin fam 28,605 ke nan, ban da haya da abinci. Yawancin yara bashin gwamnati suke ci. Wanda ya fara daga Agustan 2023 zai riƙa biyan kashi 9 cikin 100 na abin da albashinsa ya haura fam 25,000, kuma sai bayan shekara 40 ake yafe abin da ya rage. Bashin yana da kuɗin ruwa a kai. Na san gidajenmu da yawa a nan maganar take tsayawa, domin tun 2013 gwamnati ta yi alkawarin fito da tsarin da ba ruwa a ciki, shekara goma ta wuce ana jira. Ɗan bakin aiki ba ya biyan ko sisi na makaranta. Kuɗin yana fitowa ne daga harajin da aka ɗora wa manyan kamfanoni tun Afrilun 2017, rabin kashi ɗaya cikin 100 na albashin ma'aikatansu idan ya wuce fam miliyan 3 a shekara. Dokar kuɗin ta hana a karɓi kuɗin horo daga hannun yaron, ko da ya bar tsarin bai gama ba. Albashi kuma yana shiga duk wata. A Afrilun 2025 doka ta sa mafi ƙarancin albashin mai koyon aiki a kan fam 7.55 a awa, amma kamfanonin injiniyanci masu ɗaukar 'yan digiri sukan biya fiye da haka sosai.

Duk da haka ba kuɗin ne ya sa na karkata ba. Sana'ar ce da kanta.

Aikinmu shi ne ido da hannun masana'anta. A matatar mai, kamfanin siminti, tashar lantarki ko gidan tace ruwa, akwai na'urori da ke auna matsi, zafi, gudun ruwa a bututu da cikar tanki, su aika wa kwamfutar da ke ɗakin sarrafawa, ita kuma ta umarci bawul ya buɗe ko ya rufe. Saƙon yakan tafi ne a waya biyu, a matsayin lantarki mai ƙarfi tsakanin miliamfiya 4 zuwa 20. Idan na'urar matsi an saita ta daga 0 zuwa 10 a ma'aunin matsi da ake kira bar, miliamfiya 12 na nufin bar 5. An fara daga 4 ne ba daga sifili ba domin idan waya ta tsinke a ga sifili a san matsala ce, ba wai matsin ne ya sauka ba. Ɗan jami'a zai karanta wannan cikin minti biyar ya ci jarrabawa a kai. Ɗan bakin aiki kuwa zai karɓi takardar izinin aiki, ya sa a kulle layin, ya hau tsani cikin iskar hunturu da famfon gwaji a hannu, ya matsa wa na'urar kashi 0, 25, 50, 75 da 100, ya ga ko ta ba shi 4, 8, 12, 16, 20. Watarana za ta ba shi daidai a duk wuraren biyar, amma ɗakin sarrafawa ya ci gaba da ganin ƙarya, sai wani dattijon ma'aikaci ya nuna masa siririn bututun da ke kawo matsin ya toshe da laka. Na'urar lafiyarta ƙalau, abin da ke isowa gare ta ne ba gaskiya ba. Irin wannan ba a iya shirya shi a ɗakin gwajin jami'a.

Ga wani misali da ya fi nuna inda hanyoyin biyu suka rabu. Gudun ruwa a wani layi yana hawa yana sauka, ya ƙi tsayawa inda aka sa shi. Wanda ya fito daga aji abin da zai fara zuwa masa shi ne lambobin PID, wato lambobin da ke saita yadda kwamfuta ke mayar da martani, ya rage wannan ya ƙara wancan, wataƙila da ƙa'idar Ziegler da Nichols ta 1942 da aka koya masa. Zai iya shafe yini yana juyawa abin bai gyaru ba. Wanda ya saba da fili zai kalli zanen da ke allo, ya ga umarnin kwamfuta yana hawa a hankali kamar haƙorin zarto, gudun ruwan kuma yana tsaye sai ya yi tsalle lokaci ɗaya, nan take ya ce bawul ne ke maƙalewa. Zai je ya tsaya a gabansa ya ga sandar ta ƙi motsi, ta ƙi motsi, sannan ta zabura. Ba lambar da za ta warkar da wannan, sai an kwance bawul.

To amma a juya misalin. A ce bawul lafiya lau, matsalar ita ce na'urar auna zafi tana nesa da inda ake zuba tururi, sai bayan minti biyu take jin abin da ya faru. A nan hannu kaɗai ba ya fitar da mutum. Sai wanda ya zauna da lissafin Laplace da zanen Bode, hanyoyin lissafi na nazarin yadda tsarin sarrafawa ke amsawa, ya fahimci me ya sa jinkiri ke hana a ƙara wa kwamfuta kuzari, ya san ko a matso da na'urar ko a sake fasalin tsarin awon da sarrafawar baki ɗaya. Wannan shi ne ya raba injiniya da mai gyara, kuma a nan ɗan jami'a yake da rinjaye na gaske. Yana da mako cikakke, da laburare, da malamai a kusa, da abokan da za su kwana a kan tambaya ɗaya. Ɗan bakin aiki kwana ɗaya a mako yake samu, ko makonni a jere lokaci zuwa lokaci. Doka ta ce lokacin karatun yana cikin lokacin da ake biyansa, amma ba ya isa, dole dare da ƙarshen mako su shiga. Na ga yara masu kaifin hannu da lissafin shekara ta biyu ya wahalar, domin sun dawo gida a gajiye littafin kuma yana jira. Abokansa na jami'a suna da hutun bazara na watanni, shi hutunsa na ma'aikaci ne, kwana 20 da ranakun hutun ƙasa a mafi ƙaranci. Tafiyar kuma takan kai shekara 4 zuwa 5, wani lokaci ta ɗan wuce, sannan ga tantancewar ƙarshe ta tsarin ban da jarrabawar digiri. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Don haka, Hajiya, ki dubi yaronki da kyau. Idan mai tashi da kansa ne ya buɗe littafi ba sai an yi masa magana ba, zai iya. Idan kuwa har yanzu yana rawa tsakanin wannan fanni da manhajar kwamfuta ko jiragen sama, jami'a ta fi masa, domin can canza kwas a shekarar farko abu ne mai yiwuwa, nan kuwa canzawa na nufin barin aiki.

Abin da ya sa nake ɗaukar sanin fili da nauyi haka shi ne a sana'armu kuskure yana iya cin rai. Ranar 11 ga Disamba 2005, a ma'ajiyar mai ta Buncefield da ke kusa da Hemel Hempstead, ana cika tanki mai lamba 912 da fetur cikin dare. Na'urar da ke nuna cikar tankin ta maƙale, allo ya ci gaba da nuna lamba ɗaya. Akwai makunni na biyu mai zaman kansa da ya kamata ya tsayar da zubin idan man ya kai sama. Bai yi aiki ba, domin hannun gwajinsa yana buƙatar kwaɗo da zai riƙe shi a mazauninsa, kuma ba a sa kwaɗon ba. Fetur ya malalo, tururinsa ya bazu, da asuba ya fashe. Mutum fiye da 40 suka ji rauni, wutar ta yi kwanaki tana ci, Allah ya sa ba wanda ya rasu. A takarda tsaron tankin hawa biyu ne. A saman tankin ba ko ɗaya. Ina son injiniyan da zai rubuta lissafin tsaro bisa IEC 61511, ƙa'idar duniya ta na'urorin tsaro a masana'antu, ya kasance ya taɓa hawa saman tanki ya gwada irin wannan makunni da hannunsa.

Sai sharaɗin da na ambata. A jami'a sunan makaranta ake dubawa. A nan kamfanin ne makarantar kwana huɗu cikin biyar, kuma ba duka suke ɗaya ba. Wani zai zagaya da yaro sashen gyara, sashen zane, sashen rubuta manhajar PLC, wato kwamfutar da ke sarrafa injina, ya haɗa shi da injiniya mai kula da shi. Wani kuwa hannu mai arha yake nema, zai ajiye shi a layi ɗaya shekara 5 yana canza na'ura iri ɗaya ta kamfani ɗaya, ranar karatu ma a ce aiki ya yi yawa. A wurin ganawa yaron ya tambaya ba kunya: sassa nawa zai zaga, wa zai kula da shi, waɗanda suka gama kafin shi suna ina yanzu, kuma idan an rufe masana'anta don babban gyara ranar karatunsa tana nan ko ana cinye ta. Ya kuma san cewa karatun a ɗaure yake da aikin. Idan kamfani ya rage ma'aikata, gwamnati na ci gaba da biyan horon na aƙalla mako 12 kafin ya sami wani, amma neman a wuyansa yake. Wurin zama ma aikin ne ke zaɓa masa. Wannan sana'a tana inda masana'antu suke, irin yankin Teesside mai kamfanonin sinadarai na Wilton da Billingham, inda Jami'ar Teesside da ke Middlesbrough ta daɗe tana koyar da fannin, ko Sellafield a Cumbria, inda aikin nukiliya ke buƙatar binciken tsaro kafin a ɗauki mutum. Yaro ɗan shekara 18 zai iya samun kansa nesa da gida, cikin ma'aikata sa'annin babansa. Wannan ke ce kika san ko zai ɗauka.

Kowace hanya ya bi, a tabbatar kwas ɗin yana da amincewar Engineering Council, hukumar rajistar injiniyoyi ta Birtaniya, ta hannun ƙungiyoyin injiniyoyi na IET ko InstMC. BEng da aka amince da shi ya cika sharaɗin karatu na IEng, ɗaya daga matakan rajistar injiniya. Matakin CEng da ke sama da shi yana son digirin MEng na shekara 4, ko ƙarin karatu a matakin digiri na biyu. Ɗan jami'a zai iya wucewa MEng kai tsaye, shi kuma ɗan bakin aiki ya riga shi tara shekarun aikin da ake tambaya a wurin rajista. Akwai kuma hanyar tsakiya da ba a cika ambata ba: digirin jami'a mai shekara guda ta aiki a kamfani a tsakiyarsa, da albashi. Idan bai sami kamfani yanzu ba, ita zan ce ya nema.

In kuna da niyyar ya koma gida watarana, aikin yana nan, daga matatar Dangote mai ganga 650,000 a rana zuwa kamfanonin siminti na Obajana, Ashaka da Sakkwato. Zai buƙaci tantance takardunsa a Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da rajistar COREN, hukumar injiniyoyin Najeriya. NYSC kuma ba ta tura waɗanda suka yi karatun wucin gadi, takarda take ba su a madadin hidima, don haka ya tambayi jami'ar tun yanzu yadda take rubuta nau'in karatun a takardar sakamako.

'Yan uwa da ke gida da suka tambaya a ƙarƙashin saƙon Hajiya ko su ma za su iya nema: wannan ba hanyar biza ba ce. Sai mai izinin aiki a ƙasar, kuma a mafi yawan lokuta sai wanda ya yi shekara 3 yana zaune a Birtaniya. Ba kuma irin SIWES ɗinmu ba ne na wata 6, a nan yaron ma'aikaci ne tun ranar farko.

Hajiya, ba sai ya zaɓa yau ba. Neman gurbin bakin aiki kai tsaye ake yi wa kamfani, ba ya cin ko ɗaya daga zaɓi 5 na UCAS, hukumar da ake neman gurbin jami'a ta hannunta. Ya cike UCAS kafin wa'adin Janairu, ya kuma fara bin shafukan kamfanoni tun daga Satumba da Oktoba, domin manyan sukan buɗe da wuri su rufe da zarar masu nema sun yi yawa. Masu nema suna da yawa ƙwarai, akwai gwajin intanet da ganawa hawa-hawa, don haka kada ya tsaya a kamfani biyu ko uku. Idan tayin ya zo, a turo mini sunan kwas ɗin da jami'ar ta akwatin sirri, in duba muku amincewarsa kafin ya sa hannu.