Interstellar: hoton ya ƙayatar, amma an tauye matan cikinsa

Duk majalisar samari da ka zauna a Nima ko Mamobi, unguwannin Accra, in aka tayar da zancen finafinan sararin samaniya, sai an ambaci Interstellar kamar daga shi an rufe ƙofa. Christopher Nolan ne ya ba da umarni, ya fito a 2014, tsawonsa minti 169, kuma da aka sake haska shi a 2024 zuzutawar ta dawo sabuwa. Na kalle shi a tsanake, na kuwa tashi da takaici, kuma yawancin takaicin a kan matan fim ɗin ne.

A ba shi haƙƙinsa tukuna. Baƙin ramin da suka kira Gargantua, wato wuri a sararin samaniya mai haɗiye duk abin da ya kusance shi har da haske, an zana shi ne bisa lissafin masanin kimiyya Kip Thorne, kuma fim ɗin ya cancanci kyautar Oscar da ya ci a fannin dabarun ƙirƙirar hoto (visual effects). Sauti ne ke da matsala: kiɗan Hans Zimmer yakan danne magana a daidai wuraren da ake bayani mai muhimmanci. In a waya za ka kalla ko ƙaramar talabijin, sa abin ji a kunne, ka kunna rubutun ƙasan allo, in ba haka ba maganganu da dama za su wuce ka.

Dakta Amelia Brand, wadda Anne Hathaway ta taka, ita kaɗai ce mace cikin 'yan sama jannati huɗu da ke kumbon Endurance, wanda aka tura neman sabuwar duniyar da 'yan Adam za su koma, bisa saƙonnin masu binciken da aka riga aka tura, Miller da Mann da Edmunds. A duniyar farko da suka sauka, ta Miller, awa ɗaya daidai take da shekara bakwai a nan. Shekara goma ke nan da tafiyar Miller, wato a agogon can ba ta fi awa ɗaya da rabi da sauka ba, don haka saƙon da take aikowa bai isa hujja ba. Wannan lissafi ɗan sakandare ma zai yi shi, amma duk masanan nan babu wanda ya yi kafin su sauka. Da abin ya ɓaci kuma, wa aka ɗora wa laifi? Brand. Ita aka sa ta nace sai ta ɗauko na'urar bayanai, tarkace ya danne ta, mutum-mutumi ya ɗauko ta a hannu, igiyar ruwa ta tafi da abokin tafiyarsu Doyle, injin ya sha ruwa, suka yi asarar shekara 23. Kuskuren na kowa ne, amma ita aka bari tana kuka Cooper, matuƙin kumbon kuma jarumin fim ɗin, yana yi mata faɗa.

Wurin da ya fi ci mini rai shi ne zaɓe tsakanin duniyar Mann da ta Edmunds, lokacin da man da ya rage ba zai kai su duka biyu ba. Brand ta fara da hujja mai ƙarfi: bayanan Edmunds sun fi kyau, kuma duniyar da ke kusa da baƙin rami ba ta samun duwatsun sama masu faɗo mata, don ramin yana haɗiye su, alhali irin waɗannan ne ke taimaka wa rayuwa ta tsiro. Maganar masaniya ke nan. Nan take Cooper ya fallasa cewa tana son Edmunds, sai marubutan suka sa ta ajiye iliminta ta shiga doguwar huɗuba a kan soyayya. Aka kayar da ita, aka tafi wajen Mann, wanda ya zamana ƙarya ya shirga a bayanansa. A ƙarshe ita ce da gaskiya, amma an tsara labarin yadda mai kallo zai ce zuciyarta ce ta yi dace, ya manta ƙwaƙwalwarta ta riga ta ba da amsa. Hajiyar da ke sarin hatsi a kasuwar Nima, in ta ce kayan wane sun fi, don ta dumbuza ta duba ne, ba wanda zai ce mata son mai kayan take yi.

Murph kuma, 'yar Cooper, ita ake cewa ta ceci 'yan Adam. To me muka ga ta yi? Ta shafe shekaru tana aiki ƙarƙashin Farfesa Brand, mahaifin Amelia, a kan lissafin da shi ya san ba zai warwaru ba, sai a gadon mutuwa ya faɗa mata. Bayanan da suka rage mutum-mutumi TARS ne ya tattaro su a cikin ramin, ubanta ya aiko mata ta hannun agogo da alamomin Morse. Aikinta na gaske, wato mayar da wannan ya zama mafita, an wuce shi cikin 'yan daƙiƙu: ta yi rubutu, ta watsa takardu sama, shi ke nan. Jessica Chastain, wadda ta taka Murph, ta iya wasa, sai dai fushi da kuka aka fi ba ta.

Sauran matan ba su ma kai haka ba. Matar Cooper ta rasu kafin labarin ya fara. Miller mace ce, amma tarkacen kumbonta kawai muka gani. Lois, matar Tom ɗan Cooper, tari take yi da ƙura tana jiran miji ya yarda a fitar da ita. Malamar makarantar Murph ita aka ba wa maganar cewa saukar kumbon Apollo a wata ƙarya ce.

Ba a rasa mata a wannan fanni ba. Andrea Ghez ta samu kyautar Nobel a 2020 saboda aikinta na shekaru a kan baƙin ramin da ke tsakiyar tarin taurarinmu. Mai son hoto da kiɗa ya kalli Interstellar a babban allo, zai more. Wanda kuwa yake neman fim da zai nuna wa ƙanwarsa ko 'yarsa mai sha'awar kimiyya, ya zauna tare da ita, in an kai wurin zaɓen nan ya tsayar, ya maimaita mata hujjar Brand ta farko kafin Cooper ya katse ta.