Kwana 26 da lambar aro: sharhi kan hidimar rajista ta wani dillalin motoci a Kano

A ƙarshen watan Fabrairun 2025, ana saura kwanaki kaɗan a ɗauki azumi, na sayi Toyota Corolla 'yar 2010 a ɗaya daga cikin wuraren sayar da motoci da ke jere a kan Titin Zariya a Kano. Motar irin wadda muke kira 'yar Beljiyam ce, ko da yake daga Amurka aka shigo da ita ta tashar jiragen ruwa ta Legas, kuma ba a taɓa yi mata lamba a Najeriya ba. Bayan mun gama ciniki sai mai wurin ya ce idan na ƙara wani abu a kan kuɗin motar, za su ɗauki nauyin rajista gaba ɗaya, tun daga cike fom har zuwa lasisi da inshora da karɓo lamba, kuma kafin lambar ta fito za su ara mini lambar dila in riƙa zirga-zirgata. Ya yi mini alkawarin mako ɗaya. Na amince, domin aikina ba ya ba ni damar yin jele a ofisoshi, kuma wannan hidimar ce nake son in auna a nan, tun da mutane da yawa suna biyan kuɗinta ba tare da sun tambayi abin da ke cikinta ba.

Zan fara da abin da suka yi daidai, domin ba ƙarami ba ne. Tun kafin in ba da kafin alƙalami, mai wurin ya sa aka kawo takardun kwastan na motar, ya kuma kama hannuna muka je muka gwada lambar shasi da ke jikin takardun da wadda ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, sannan da wadda ke manne a jikin ƙofa. Lambar shasi haruffa ce da alƙaluma 17, kuma a motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka na goma a jerin shi ne ke nuna shekara. A tawa harafin A ne, wato 2010, kamar yadda aka faɗa mini. Wanda ya san yadda harkar mota take a Arewa tun bayan da Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu daga 1 ga Janairun 2017 ya san darajar wannan binciken, domin motar da aka yi fasa-ƙwaurinta aka haɗa mata takardun bogi tana iya kwana a hannun kwastan komai tsawon lokacin da ta yi a hannun mai ita. Sun ba ni rasit mai ɗauke da lambar shasi da ta inji, da takardar shaidar sayarwa, da kwafin takardun kwastan, suka riƙe na asali don yin rajista. A wannan ɓangaren ban ga inda zan kushe su ba.

Matsalar ta fara ne daga lambar da aka ara mini. Yaron wurin ya shiga ofis ya ɗauko faranti ɗaya tak, ya ɗaura a bayan motar, ya bar gaba fayau. Da na tambayi ina ɗayan, sai ya ce yana jikin motar wani da ya saya kwana biyu kafin ni. Ma'ana, lamba ɗaya aka raba wa motoci biyu, na mutum biyu da ba su san juna ba, kowa yana yawonsa a cikin gari. Ba a rubuta sunana a wani littafi ba, ba a sa ni na sa hannu cewa na karɓa ranar kaza da ƙarfe kaza ba, ba a kuma ba ni wata takarda da ta haɗa wannan lambar da shasin motata ba. A lokacin murnar sabuwar mota ta sa ban tsaya jayayya ba, amma da na kwana na tashi sai abin ya tsaya mini a rai.

Ya kamata mai karatu ya san asalin amfanin lambar dila. Lamba ce ta sana'a, da sunan mai sayar da motoci aka yi ta, don ya iya ɗauko mota daga tashar jiragen ruwa zuwa wurinsa, ko ya kai ta wajen bakanike, ko ya ba mai saye ya ɗana. Ba ta nuna wace mota ce, balle ta nuna wane ne mai ita. Lambar dindindin kuwa tana faɗin abubuwa da yawa ga wanda ya iya karanta ta: a tsarin da ake amfani da shi tun 2011, haruffa uku na farko suna nuna ƙaramar hukumar da aka yi rajista, kamar KMC ta Birni da Kewaye ko DAL ta Dala, launin rubutun kuma yana bambanta motar gida mai shuɗi da ta haya mai ja da ta gwamnati mai kore, sannan bayanan mai motar suna cikin rumbun Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa. Idan mota mai lambar kanta ta buge mutum ta gudu, wanda ya riƙe lambar ya riƙe bakin zaren. Idan kuwa ɗaya motar da muke raba lamba da ita ce ta yi ɓarna, wurin dillali za a je, shi kuma ba shi da rubutaccen abin da zai raba ni da wancan mutumin sai abin da ya tuna da ka. Haka nan da an sace motata a waɗannan kwanakin, lambar da zan ba 'yan sanda ba tata ba ce, ɓarawo kuma kwance kusoshi biyu kawai zai yi. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara, kuma a kan lambar mota na ga gaskiyar maganar.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne inshora. Wajabcin inshorar kare wanda aka yi wa ɓarna ya daɗe, tun daga wata doka ta 1945 ya samo asali, kuma bai ware sabuwar mota ba. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa ta ɗaga kuɗinta ga motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, ta kuma ɗaga iyakar diyyar dukiya zuwa naira miliyan 3, sannan daga 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara tilasta ta a faɗin ƙasa. Wato ba a fi mako huɗu da fara wannan kamen ba na sayi motar. Duk da haka, da na tambayi wakilin da suka ɗora wa aikin takarduna, sai ya ce mini, "Malam, ai inshora tare da lamba take fitowa, ka kwantar da hankalinka." Na biya kuɗinta tun ranar ciniki, amma kwanakin da na yi ina kai yara makaranta, ina bin cunkoson Kofar Nassarawa da na Dangi, babu wani kamfani da ya san da zaman motata. Da na goge wa wani mota ko na ture mai babur, daga aljihuna komai zai fito, kuma wanda na yi wa ɓarnar ba shi da inda zai dafa sai ni. Mai sayar da mota da ya san aikinsa bai kamata ya miƙa mukulli ba kafin ya faɗa wa mai saye wannan ƙarara.

Sau uku aka tare ni a hanya, kuma ba zan ɗora wa jami'an laifi ba, domin mota mai faranti ɗaya a baya dole ta ja ido. Na ƙarshen dattijo ne, ya duba kwafin takardun kwastan da rasit a nutse, ya dubi ranar da ke jiki, ya ce, "Alhaji, yau kwana 16 da sayen motar nan. Wannan lambar ta mai shago ce, ina taka?" Na ce, "Ranka ya daɗe, tana hanya, na biya tun ranar." Ya ce in nuna masa shaidar biyan, sai na ga ba ni da komai sai rasit ɗin dillali, wanda aka rubuta masa "kuɗin takardu" a dunƙule, babu ko rasit ɗaya na gwamnati. Ya bar ni na tafi bayan ya yi mini nasiha, amma maganarsa ce ta sa na koma na nemi a nuna mini abin da aka biya da ranar da aka biya.

A nan ne na gano inda jinkirin yake. Wakilin yana tara takardun masu saye ne har su kai wani adadi kafin ya shigar da su gaba ɗaya, don ya rage wa kansa zirga-zirga, kuma nawa sun yi sama da mako biyu a cikin jakarsa ba a taɓa su ba. Duk lokacin da na kira, amsar ɗaya ce: babu lamba a ƙasa, ana jiran a kawo. Na san ana samun lokacin da lamba take yankewa, tun da ba a Kano ake buga ta ba, Hukumar Kiyaye Haɗurra tana buga wa jihohi ne a masana'antunta na Gwagwalada da Awka da Legas. Sai dai rasit ɗin gwamnati da aka kawo mini daga baya yana ɗauke da kwanan wata, kuma kwanan watan ya nuna cewa ba a fara aikina ba sai bayan na tayar da magana. Da mai wurin ya ji, ya kira wakilin a gabana ya yi masa faɗa, ya ba ni haƙuri da kansa, kuma na yaba da hakan. Amma shi ne ya karɓi kuɗina, shi ya kamata ya riga ni sani.

Cikin waɗannan kwanakin aka yi mana rasuwa a Haɗeja. Tun ranar farko an gargaɗe ni kada in fita wajen Kano da lambar, don haka na ajiye motar da na biya kuɗinta lakadan a ƙofar gida, na tafi tasha na hau ta haya da azumi a bakina. Kwana biyu bayan na dawo kuma aka aiko yaro ya kwance lambar, wai akwai motar da za a ɗauko, sai washegari da yamma aka mayar mini.

Wani zai ce ai mafita ita ce gwamnati ta riƙa ba da lambar wucin gadi ta takarda mai wa'adi, kamar yadda Jihar Legas ta fito da tata don motocin da ba a kammala yi wa rajista ba. Na yarda cewa hakan ya fi lambar aro nesa ba kusa ba, domin aƙalla an haɗa takardar da shasin mota ɗaya da sunan mutum ɗaya da ranar ƙarewa. Amma ita ma tana da nata ciwon. A Jihar Texas ta Amurka an shafe shekaru ana amfani da lambar takarda, har 'yan damfara suka mayar da buga ta sana'a, suna sayarwa ta intanet ga masu son ɓoye mota, abin da ya sa majalisar jihar ta yi doka a 2023 da ta soke ta, kuma daga 1 ga Yulin 2025 mai sayar da mota ne yake ɗaura wa mai saye lambar ƙarfe tun a wurin ciniki. Ni a ganina can ne ya kamata mu dosa, a taƙaita tazarar da ke tsakanin karɓar mukulli da samun lambar kai har ta zama babu. Kafin a kai ga haka, abin da ke hannun dillalai ba ya bukatar wata sabuwar doka: littafin da za a rubuta wanda ya karɓi lamba da ranar karɓa, faranti biyu a mota ɗaya, inshora kafin mota ta bar wurin, da shigar da takardu washegarin ciniki.

Shin zan sake sayen mota a wurin? Zan saya, domin motar lafiyayya ce, bakanikena bai sami abin da aka ɓoye mini ba, takardunta kuma sahihai ne. Hidimar rajistar ce ba zan sake biya a dunƙule ba. Wanda yake da wuni biyu da zai iya warewa, gara ya karɓi takardun kwastan na asali ya je ofishin lasisi da ƙafarsa, ya kai motar a duba ta, ya yanki inshora a kamfanin da ya sani. Wanda kuma ba shi da lokaci kamar ni, to ya sa a rubuta masa kuɗin kowane abu daban, da ranar da za a kawo masa rasit ɗin gwamnati, ya kuma bar motar a wurinsu har inshora ta fito, ko da zuciya tana ɗokin a shiga da ita unguwa.

Lambata ta fito a kwana na 26, an shiga goman ƙarshe na azumi. Kafin in bari a ɗaura, na shigar da ita a shafin tantance lamba na Hukumar Kiyaye Haɗurra, ta nuno Toyota Corolla, sannan na duba inshorar a rumbun bayanan kamfanonin inshora na ƙasa, na same ta a ciki da sunana. Takardun kwastan na asali ma sun dawo cif, babu wadda ta ɓata. Yaron ya kwance lambar aron daga bayan motata, ya ɗaura mini nawa gaba da baya, ya danne kusoshin sosai. Ina tsaye ina shirya takardu a cikin jaka na ga ya wuce da farantin zuwa wata Honda da aka gama cinikinta da hantsi, mai ita yana gefe riƙe da mukulli, kuma shi ma ba a miƙo masa littafin sa hannu ba.