Ajin tarihin likitanci na daren Alhamis a Jidda, ra'ayina

Masu tambayata ko ajin nan da wani tsohon likita Bahaushe yake yi wa ɗalibai bayan isha'i ya cancanci 'yan riyal ɗin da ake biya, ni dai na ce eh, ku je. Darasin makon jiya kaɗai ya ishe ni hujja.

Kan tunjere ya yi, wato idan cutar ta daɗe a jiki har ta hau ƙwaƙwalwa, mutum ya fara mantuwa da sambatu, jiki ya shanye, ƙarshe mutuwa. Sai ya kawo labarin Julius Wagner-Jauregg, likitan masu taɓin hankali a Biyana ta ƙasar Ostiriya, wanda a 1917 ya ɗebi jinin sojan da ke fama da maleriya ya yi wa marasa lafiyarsa allura da shi, da gangan fa, don zazzaɓi mai zafi ya kama su ya ƙona ƙwayar cutar, in sun sha jijjiga sau da yawa sai a ba su kwinin a kashe maleriyar. Wasu sun warware har sun koma gida, wasu kuma zazzaɓin ne ya yi ajalinsu. Ya samu kyautar Nobel a 1927, aka ci gaba da yi har fenisilin ya zo a shekarun 1940.

Abin da ya sa na ƙara ganin girman Dakta, bai tsaya yabon bature ba. Ya ajiye alli ya ce mana, yarana, mutumin da hankalinsa ya gushe wa ya nemi yardarsa kafin a sa masa wata cuta? Ajin ya yi tsit wallahi.

Ya kuma faɗi abin da ya shafe mu kai tsaye, yawancin mutanen Afirka ta Yamma jininsu ba ya karɓar irin maleriyar da aka fi amfani da ita, vivax, shi ya sa a wancan lokacin a Amurka sai an nemo wani nau'in ga baƙaƙen fata.

Matsalar wurin ɗaya ce, ɗakin ya yi ƙanƙanta kuma mukayyif ɗin, wato na'urar sanyaya ɗaki, ƙara gare shi, na baya ba sa jin Dakta sosai don muryarsa a ƙasa take. Ku zo da wuri ku kama gaba, ku taho da littafin rubutu don ba ya raba takarda.