Gargaɗi ga masu Hilux da Land Cruiser a Jos: a yi hattara da mai tallar wilin bidlok na jabu

Assalamu alaikum. Wannan saƙo na masu Hilux ne da Prado da Land Cruiser da Patrol, musamman masu barin kwalta su shiga gonakin dankali a Bokkos da Mangu, da masu zuwa wuraren haƙar kuza ta wajen Barikin Ladi, da samarin da ke hawa duwatsun Shere ranar hutu don nishaɗi. Akwai wani mutum, ko in ce wasu mutane, tunda lambar waya tana sauyawa amma bakin ɗaya ne, da ke tallar wilin bidlok (wilin da ke matse bakin taya da zobe da notuna don kada ta zame) da tayoyin daji a Facebook da Instagram da zaurukan WhatsApp. Ba zan kama suna ba. Sunan da yake amsawa yau ba shi zai amsa gobe ba, kuma ba na so in shafa wa wani mai sana'ar gaskiya kashin kaji. Yadda yake aiki zan faɗa.

Hotunansa masu kyau ne, wannan kam ba a ja. Wili baƙi wuluk, da zobe ja ko ruwan gwal a bakinsa, notuna sun kewaye shi reras. Da ka yi masa magana sai ka ji "Alhajina, ranka ya daɗe, saiti ɗaya ya rage, wani ma ya ce zai turo kuɗi da la'asar." Kuɗin da yake faɗa bai kai rabin abin da irin wannan kaya ke kamawa ba idan na gaske ne aka shigo da shi da dala.

Wasu a matakin kafin alƙalami ake gamawa da su. Zai ce kayan suna Legas, ka tura rabi a saka maka a mota. Bayan kwana biyu a ce 'yan kwastan sun tare motar, a ƙaro wani abu. Daga nan waya ta daina shiga. Wannan tsohuwar damfara ce, cinikin biri a sama, kuma maganinta kowa ya sani: kada ka biya abin da hannunka bai taɓa ba. In sunan asusun da aka turo maka ya bambanta da sunan shagon, ka tsaya nan. In ka saka hoton a Google Lens, manhajar binciken hoto, ka gan shi a shafin wani kamfani a Amurka ko Dubai, ka san ba a shagonsa aka ɗauka ba.

Wanda ya fi damuna shi ne wanda kayansa suka iso. Shi gani yake ya tsira, alhali shi ne a bakin rami.

Taya tana da leɓe biyu, na ciki da na waje, kowanne da wayar ƙarfe a cikinsa. A wili na yau da kullum, iskar da ke cikin tayar ce ke danne leɓen nan a jikin wili. Mai shiga yashi ko taɓo ko duwatsu yakan rage iska don tayar ta baje ta kama ƙasa sosai. To idan iskar ta yi ƙasa da yawa, abin da ke danne leɓen ya yi rauni, sai ka sha kwana ko ka gogi dutse, tayar ta zame daga wili, iska ta fice gaba ɗaya. Bidlok na gaske don wannan aka yi shi. Leɓen tayar na waje ba ya shiga cikin wili kamar yadda aka saba, a waje yake zama bisa wani gurbi da aka yi masa, sannan a ɗora zoben ƙarfe ko na alminiyon a kansa a ɗaure da notuna, galibi 24 zuwa 32. Leɓen yana matse tsakanin zobe da wili kamar yatsa a bakin filaya. Shi ya sa mai bidlok ke iya sauke iska ƙasa da 10 a geji ya hau dutse tayar ba ta fita ba.

Abin da mutumin nan ke kawowa na kwalliya ne. Zoben a haɗe yake da wilin, tare aka zuba su, notunan kuma gajeru ne da ba su riƙe komai ba, wasu ma roba ce aka yi wa fenti. Akwai wani samfurin da zoben ke cirewa, amma ado ne kawai, ko kusa da leɓen taya ba ya zuwa. A yi adalci, kamfanonin da ke ƙera irin waɗannan ba su yaudari kowa ba, a fili suke rubuta cewa na ado ne, kuma wasunsu wili ne masu ƙwari da za ka yi shekaru kana hawa. Ha'incin na mai sayarwa ne, da ya karɓi kuɗin bidlok ya ba da na kwalliya, ya kuma ƙara da cewa "Alhaji, ka sauke iska yadda kake so, babu abin da zai same ta."

Wani ƙanin abokina ya ɗauki wannan magana. A daminar da ta wuce ya shiga wata hanyar gona da buhunan taki a bayan Hilux, ya sauke iska sosai don ya wuce laka. Tayar gaba ta zame a kan gangara, wilin ya nutse a taɓo, motar ta karkata. Allah ya sa tafiyar a hankali ce, sai wahala da asarar taya. Da ya kira mai kayan, amsar da ya samu ita ce mai facinsa ne bai iya ɗaurawa ba. Washegari aka toshe lambarsa.

Gane na gaske ba ya buƙatar ilimin injiniya, sufana ɗaya ta isa. Ka ce a kawo wilin tsirara, babu taya a jiki, a gaban makanikenka a Farin Gada ko Dilimi ko duk inda ka yarda da shi. A kwance notunan. Na gaske, zoben zai fito a hannunka, mai kauri da nauyi, za ka ga gurbin da leɓen taya ke zama a ƙarƙashinsa, notunan kuma dogaye ne masu shiga can cikin jikin wili. In aka ce "ai wannan ba a kwance shi," ciniki ya ƙare. In kuma an riga an saka taya, ka duba inda leɓenta ya bi: ya shige bayan bakin wili kamar na kowace mota, ko yana ƙarƙashin zobe? Amma don Allah a kiyaye wannan: kada wanda ya taɓa notin bidlok na gaske alhali akwai iska a taya. A cire bawul, iska ta fita tas tukuna. Zoben da iska ta tunkuɗo yana iya kashe mutum.

Akwai kuma wanda aka yi wa walda a gida, a ɗauki wilin ƙarfe a liƙa masa zobe. A ƙasashen waje ma ana yi, da kayan da aka yanka daidai da ma'auni. Wanda aka yi da ido kuwa, ka juya shi a injin balansin ka ga yadda yake rawa.

Sai maganar ramuka. Mutumin nan yakan ce "mai rami shida ne, zai shiga kowace babbar mota." Ƙarya ne. Hilux da Prado da Ford Ranger da Patrol Y61 duk 6x139.7 suke ɗauka, wato ramuka 6 a kan da'ira mai faɗin milimita 139.7. Navara D40 kuwa 6x114.3 ce, Ford F-150 kuma 6x135. Land Cruiser 100 da 200 ramuka 5 ne, 5x150, sai da 300 ta fito aka koma 6. Jeep Wrangler JK da JL 5x127. Ko ramukan sun dace, akwai ramin tsakiya: na Hilux milimita 106.1 ne, na Ranger 93.1, don haka wilin da aka yi wa Ranger ba zai zauna a Hilux ba. In ya ce a kai wa mai injin ya faɗaɗa ramin, ko a matsa noti da ƙarfi zai shiga, kada ka yarda. Har notin taya ma ba ɗaya ba ne. Na wilin alminiyon da Toyota ke fitowa da shi mai washa ne, wato ɗan shimfiɗaɗɗen zoben ƙarfe a gindinsa, yawancin wilin kasuwa kuma mai tsinin baki suke so. In aka haɗa su ba daidai ba, notin yana kwancewa a hanya. Ka kuma juya bayan wilin ka nemi nauyin da aka rubuta zai iya ɗauka. Wilin da babu wannan rubutu, ban ga dalilin ɗora masa buhunan dankali a sauko da shi Hawan Kibo ba.

Tayoyin da yake haɗawa da su sun fi wilin ban tsoro. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ta daina ƙerawa a Ikeja a 2008, kusan duk tayar da muke hawa daga waje take zuwa, kuma a nan masu algus suka sami ƙofa. Tayar gwanjo tana cikin jerin kayan da kwastan ta hana shigowa da su, amma ga ta nan ko'ina. Mutumin nan sai ya wanke ta, ya shafe ta da baƙin mai tana sheƙi, ya ce sabuwa ce da ta ɗan daɗe a sito.

Kowace taya tana ɗauke da ranar haihuwarta. A gefenta akwai rubutu da ya fara da DOT, a ƙarshensa lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. A gefe ɗaya kawai ake buga cikakkiyar lambar, shi ya sa yake juya wannan gefen ciki idan ya kawo tayar a ɗaure. Ka durƙusa ka leƙa. In wurin ya yi sumul kamar an goge, ko lambobin ba su yi kama da sauran rubutun ba, an taɓa su. In ka ga mako na 60, ka yi dariya ka tafi, shekara ba ta kai haka ba. Hukumar kiyaye haɗura ta FRSC shekara 4 take ba taya daga ranar ƙira. Kamfanonin taya sun fi sassauci, Michelin na cewa a riƙa kai ta dubawa kowace shekara bayan ta yi 5, a cire ta in ta kai 10. Ko da wane ka ɗauka, tayar da gefenta ya fara tsattsagewa ta gama aiki.

Sannan akwai cushe. Masu shigo da kaya sukan tura taya cikin taya, uku ko huɗu a guda, don su rage kuɗin kwantena da na fito, kuma hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ta sha kama irin waɗannan. Wurin cusawa da wurin zarowa wayar leɓe take lanƙwashewa. Leɓen nan kuwa shi ne abin da bidlok ke kamawa, shi ne kuma abin da wili na yau da kullum ke dogara da shi. Ka bi shi da yatsa a zagaye kafin a ɗaura. In ka ji tudu da kwari, ko ka ga tayar ba ta tsaya a da'ira ba, bar ta. Ka duba zanen ma, domin ana bin tsohuwar taya da wuƙa mai zafi a zurfafa shi ya koma kamar sabo, abin da ba a yarda da shi ba sai a tayar manyan motoci da aka ƙera don haka. Mai ɗaukar kaya kuma ya nemi wadda rubutun girmanta ya fara da LT, wato ta ƙananan motocin ɗaukar kaya, ya karanta lambar nauyi: 112 kilo 1,120 ne a kowace taya, 121 kuma kilo 1,450.

Ra'ayina, kuma na san wasu samari ba za su ji daɗi ba: yawancinmu a Jos ba mu da buƙatar bidlok ko na gaske ne. Wili na yau da kullum yana da ɗan tudu a ciki da ke riƙe leɓen taya, kuma da shi za ka sauke iska zuwa 18 ko 20 ka wuce laka lafiya, in dai a hankali kake tafiya ba ka fizgar sitiyari. Abin da za ka tuna kawai shi ne ka mayar da iskar kafin ka hau kwalta, domin taya mai ƙarancin iska a guje zafi take yi har ta fashe. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba, ba 50 ko 60 da wasu masu faci ke ɗura wa kowace mota ba. Bidlok na gaske yana da nauyi, yana da wuyar balansin, da hannu ake ɗaura shi noti bayan noti a gicciye da sufana mai awo, kuma dole a riƙa bin notunan ana dubawa. Da yawa daga cikinsu ma a Amurka rubuce yake cewa na daji ne kawai, ba na titi ba. Wanda motarsa ke yini tsakanin Bukuru da Terminus, ko take zuwa Abuja ta Akwanga, kuɗin nan ya fi amfani a tayoyi sababbi masu kyau da ƙaramin injin bugun iska da geji a cikin mota.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, ya je bankinsa yau ba gobe ba, ya shigar da ƙorafi a rubuce, domin da zarar an kwashe kuɗin daga asusun da suka faɗa, dawo da su sai an sha wuya. Ya adana hirarsu da rasit da hoton tallar kafin a goge shafin, ya kai wa 'yan sanda ko EFCC. In kaya sun zo amma ba su ne aka yi ciniki a kai ba, hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC tana karɓar irin wannan ƙara. Wanda kuma wilin ke ɗaure a motarsa yanzu, ya kai wa makanike a tabbatar ramuka da notin taya sun dace, a karanta shekarun tayoyin. In komai ya yi daidai zai iya ci gaba da hawa, amma a matsayin wili na yau da kullum, kada iskarsa ta sauka ƙasa da 18.