Switch 2 ko Steam Deck: wanne zai karɓi kayan da kake da su?

Ɗan'uwa, na ga abin da ka rubuto. Ka sayi Switch na hannu, na'urar gem ta Nintendo, ka haɗa shi da ƙaramin dok na kasuwa (mazaunin da ke tura hoto zuwa talabijin) da cajar wayarka, talabijin ya ƙi nuna komai. Yanzu ranka ya ɓaci, kana tambaya ko ka koma Switch 2 ko ka tara kuɗin Steam Deck, wanne ne ba zai sa ka sake sayen caja da memori ba.

Ramin cajar ne ya ruɗe ka. USB-C ne irin na wayarka, amma Switch ɗin 2017 ba ya tura hoto zuwa talabijin sai ya samu bolt 15, kuma cajarsa ta asali wat 39 ce. Yawancin cajojin waya ba sa kai nan. Za su lallaɓa su cika batir, dok kuwa ba zai farka ba. Ka bi a hankali da dok ɗin kasuwa, domin a 2018 mutane da dama sun koka cewa irinsu sun kashe musu na'ura ƙurmus. In kuma naka Switch Lite ne, huta da neman dok, shi ba ya fitar da hoto ko kaɗan.

To, Switch 2 da ya fito a watan Yuni na 2025 ba zai share maka hawaye ta wannan fuska ba. Tsohon memorinka ba zai ɗauki gem a cikinsa ba, sai sabon nau'in da ake kira microSD Express, wanda ya fi tsada. Tsohon dok bai dace da shi ba. Tsohuwar caja za ta yi masa caji a hannu, amma kallo a talabijin sai tasa mai wat 60. Tsofaffin Joy-Con, wato hannayen gem da ke gefen Switch, suna aiki daga nesa, sai dai ba za su maƙale a jikinsa ba, tunda sababbin da maganaɗisu suke kamawa. Wannan abu yana ci mini rai, don mun taɓa ganinsa: masu PSP, na'urar gem ta Sony, da suka koma magajiyarta Vita sun tarar memorinsu ya zama tarihi, dole sai na Vita kaɗai.

Steam Deck, wanda kamfanin Valve ya fitar a 2022, kwamfuta ce a cikin rigar gem, kuma halin kwamfuta gare shi. Cajarsa wat 45 ce ta tsarin da kowa ke bi. A jakata caja ɗaya ce mai wat 65, ita ke cika laftof da waya da Deck. Ɗan ƙarfen nan mai ramin HDMI da nake haɗa laftof da majigi, shi na soka masa ranar farko, hoto ya fito a talabijin nan take. Memori na gama-gari yake karɓa, hannun PlayStation ko na Xbox kuma ya kama su ta Bluetooth. In an ɗauke wuta, fawa bank mai ƙarfin wat 45 ya ishe shi.

Shi ma yana da nasa. Nauyinsa ya haura giram 600, alhali tsohon Switch bai wuce 400 ba, kuma jakar wancan ba za ta ɗauke shi ba. Memorin da ya goge ya tsara wa kansa, Windows ba za ta karanta shi kai tsaye ba. Babbar magana kuma, in kai ɗan ƙwallo ne: sababbin gem ɗin ƙwallo na EA Sports FC ba sa tashi a tsarinsa na SteamOS, haka ma Fortnite, kuma Mario da Zelda na gidan Nintendo ne kaɗai.

In kayan haɗi ne damuwarka, Deck ya fi mutunta aljihunka, ban da shakka. Amma kafin ka sayar da komai, ari cajar Switch ta asali da dok na asali wajen wani, ka gwada naka. Ina kyautata zaton lafiyarsa ƙalau, wuta ce kawai ba ta ishe shi ba.