Jar ɗamara ko koriya? Ga amsarka, ƙanena

Karɓi koriyar, ƙanena. Ga 'yan zaure da zancen ya wuce su: ɗan'uwanmu ya shiga SCA, ƙungiyar nan da aka kafa a Berkeley ta jihar Kalifoniya a 1966, masu raya rayuwar mutanen da suka gabaci shekarar 1600, da sarakunansu da yaƙinsu na sanda da sana'o'insu. Wani barde ya yi masa tayin zama yaronsa ya ɗaura jar ɗamara, wata gwanar dukanci kuma ta ce ya zo ya zama almajirinta ya ɗaura koriya, shi ne yake tambayar wacce zai karɓa.

Fara cire wa ranka cewa ɗayansu muƙami ne. Farar ɗamara da sarƙa su ne na barde, kuma sarki ne ke naɗa shi bayan ya shawarci sauran barade. Haka gwanayen sana'a da ilimi, 'yan Laurel, da gwanayen hidima, 'yan Pelican, masu tambarin kwasakwasa tana tsaga ƙirjinta don ciyar da 'ya'yanta. Waɗannan suna cikin manya, har da masu siririn takobi da aka ba su nasu matsayin a 2015. Jar ɗamarar yaron barde, da koriya ta almajirin Laurel, da rawaya ta yaron Pelican, duk al'ada ce kawai. Alkawari ne tsakanin mutum biyu, kusan barantaka irin tamu: ka yi wa ubangida hidima, shi kuma ya koya maka, ya tsaya maka a fada. Ɗamarar ba ta ƙara maka ko taku ɗaya a jerin girma, kuma ana iya naɗa mutum barde bai taɓa zama yaron kowa ba.

Koriya ce a ƙuguna, don haka ka san inda na karkata. Ranar da na kai wa malamata kuben wuƙa da na ɗinka, ina ta jin kaina, sai ta juya shi a hannu, ta sa farce ta ja zaren, ta ce, "Ɗinki ya yi. Amma wa ya gaya maka da wannan zaren suke yi?" Zaren roba ne na kanti. A wajen 'yan Laurel kyan abu ba ya wadatarwa, sai ka kawo hujjar cewa haka ake yin sa a zamanin da ka ɗauka. Da na ce mata ni Bakano nake son kwaikwayo, na zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ba ta ce in koma wa kayan Turawan da ta fi sani ba. Cewa ta yi ita ma za ta koya. Ta sa aka nemo mana bagaruwa, muka jeme fatar akuya a garejinta cikin tsananin sanyi, wari ya cika gidan, maigidanta yana wucewa yana toshe hanci. Ta farko ta fito kamar ƙirgi, ta ƙi lanƙwasuwa. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce mu sake. Ta kuma tilasta ni na kira wani dattijon baduku a gida ta waya, ta zauna gefe da littafinta ina fassara mata yadda ake fitar da ja daga karan dafi. Da aka zo baje kolin sana'a, ita ta kama hannuna ta zagaya da ni wajen sauran gwanaye, tana cewa su dubi bakin ɗinkin. Ba ta taɓa sa ni ɗaukar mata ko jaka ba.

Jar ɗamara kuwa, to, ba laifi. Akwai barade na kirki da ke gyara wa yaransu tsayuwa da sara, su ara musu sulke, su koya musu ladabin fili, musamman da yake a faɗan SCA wanda aka sara ne ke faɗin cewa saran ya kama shi. Amma filin atisaye a buɗe yake ga kowa. Ka je duk mako, barade za su dake ka su kuma nuna maka inda ka buɗe, ba sai ka yi wa kowa caffa ba. Abin da jar ɗamara ke ƙara maka da wuri shi ne ɗawainiya: kafa tanti, jan akwatin sulke, tsayuwa bayan ubangida a fada. Je ka Pennsic, babban yaƙin da ake yi a jihar Pensilbeniya duk ƙarshen Yuli zuwa farkon Agusta, ka ga masu jar ɗamara cikin zafin nan. Sannan idan ubangidanka ya ci gasar sarauta, a yawancin masarautu wata shida zai yi a kan gado, kai ma wata shida ba ka da hutun ƙarshen mako. Mai koya maka riƙon basilla ba a samunsa a fili haka nan.

Idan faɗan ne ke ranka, koriyar ba ta hana ka. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke, wato ka sami hujjar shiga fili da kayan gida. Wa zai taya ka ɗinka lifidin da kuben takobin? Gwanar dukancin nan da ta yi maka tayi.

Maganar rantsuwa, tunda na san za ta zo maka. Wasu sukan durƙusa su sa hannuwansu cikin na ubangida. Kalmomin alkawarin ku biyu ne za ku tsara, don haka faɗa mata tun yanzu abin da addininka ya yarda da shi da wanda bai yarda ba, har zancen giya da naman alade a wajen liyafa. Nemi a sa wa'adi. Da yawa sukan yi shekara ɗaya da kwana ɗaya, in ya yi daɗi a sabunta, in bai yi ba a mayar da ɗamara cikin mutunci. Shi kuma barden ka je da ƙafarka ka yi masa godiya, kada ya ji a bakin wani. Akwai masu ɗaura ɗamara biyu, amma sai iyayen gidan duka sun yarda, kuma ban ba sabon shiga shawarar haka ba.

Ba ka tambaya ba, amma ka kiyayi 'yan kasuwar intanet masu tallar kwalkwali mai sheƙi suna cewa na yaƙi ne. Da yawa na ado ne, gwangwani zalla, sara ɗaya da sandar ratan da ake faɗan da ita ya lotsa. Ƙa'idar SCA ita ce kaurin ƙarfen kada ya gaza milimita 1.6, kuma kada a sami kafa a fuska da sanda mai kaurin inci ɗaya za ta shige. Kafin ka biya ko sisi, tura wa mai duba kayan faɗa na reshenku hoton da awon, domin in ya ƙi shi a bakin fili kuɗinka sun tafi. Haka duk wanda ya ce maka in ka ɗaura ɗamararsa zai sa a naɗa ka cikin shekara biyu, ba shi da wannan ikon. Gaya wa shugaban reshenku.