Slay the Spire: wasan katin da ake cin bos ɗinsa tun kafin a haɗu

Ƙaramin kamfanin Mega Crit da ke Amurka ne ya ƙera Slay the Spire. Ya fito cikakke a kwamfuta a watan Janairun 2019, ya shigo iPhone a 2020, sannan Android a 2021. Sau ɗaya ake biya, babu talla, kuma ba ya cin data in an riga an sauke shi. Ana hawa hasumiya ne zango uku, kowane zango da bos, wato babban dodo, a ƙarshensa, idan ka mutu kuma ka koma ƙasa da hannu rabbana. Ana faɗa da katuka: biyar a hannu kowane zagaye, kuzari uku na kashewa. Jarumai huɗu ne, Ironclad mai rai 80, Defect mai 75, Watcher mai 72 da Silent mai 70.

Abin da ya sa wasan ya cancanci kuɗinsa shi ne ba ya yi maka kwanton ɓauna. A saman kan kowane abokin gaba ana nuna abin da zai yi a zagaye mai zuwa, har da yawan dukan. Hoton bos ɗin zangon kuma yana can saman taswira tun daga ɗakin farko. Wanda ya duba shi zai zaɓi katukan da suka dace da shi, wanda bai duba ba zai tara abin da ya burge shi, ya je ya sha kashi.

Zangon farko ne ya fi koyar da wannan. Slime Boss yana da rai 140, kuma da zarar ya sauka zuwa rabi sai ya rabe biyu, kowane ɓari da ran da ya rage masa a lokacin. Idan ka kai shi 69 ya rabe, kana da dodanni biyu masu 69 kowanne. Dabarar ita ce ka tsaya a ɗan sama da 70, ka jira hannu mai nauyi ko kwalbar wuta, ka gabza masa sau ɗaya ya faɗo zuwa 30 ko 40. Kada dai jiran ya mantar da kai dukan 35 da yake saukewa a zagaye na uku.

Hexaghost kuwa lissafinsa daban ne. Farmakinsa na zagaye na biyu duka shida ne, kowanne ana raba ranka gida 12 a ƙara ɗaya. Mai rai 72 zai sha 42, mai rai 24 zai sha 18 kawai. Saboda haka a wutar hutu ta ƙarshe kafin shi, inda ake zaɓar barci don maido da rai ko inganta kati, inganta katin ya fi barci amfani sau da yawa. Bayan nan tsere ne: rai 250 gare shi, yana cusa maka katukan ƙuna a dami, wato tarin katukanka, in faɗan ya ja sai su cika maka hannu. The Guardian mai rai 240 ya fi son mai haƙuri. Idan ka yi masa ɓarnar 30 sai ya dunƙule ya fasa farmakin da ya shirya, amma a dunƙulen duk katin duka da ka jefa zai mayar maka da 3. A nan a tara garkuwa, a bar yawan ƙananan duka.

Zango na biyu ne makabartar sababbin 'yan wasa, kuma dalilin ɗaya ne: damin da ke da duka kawai, ba shi da abin da ke ƙaruwa da tsawon faɗa. The Champ, mai rai 420, shi ne alƙalin wannan. Muddin yana sama da rabi, dukansa mai jurewa ne. Da ya sauka ƙasa da rabi sai ya kakkaɓe duk dafi da raunin da ka ɗora masa, ya ƙara ƙarfi, ya shiga saran kisa. Kuskuren da aka fi yi shi ne gaggawar kai shi rabi. A bar shi a sama tukuna, a kafa katukan iko, masu aiki har ƙarshen faɗa, irin su Demon Form ko Footwork, sai injin ya yi zafi a tsallaka. Bronze Automaton yana harba haske mai 45 a zagaye na shida, a ajiye masa garkuwa, a kuma kashe ƙwallayensa biyu don su dawo da katukan da suka sace. The Collector yana jefa maka rauni kala uku a zagaye na huɗu, kuma katin da ke dukan kowa da kowa ne maganin yaransa.

A zango na uku kowane bos an gina shi ne don ya karya salo guda. Time Eater yana ƙirga katunanka, a na 12 ya katse maka zagaye ya ƙara ƙarfi 2, abin da ke wahalar da Silent mai ƙananan wuƙaƙe. Ka riƙa duba lambar, ka tsara yadda kati na 12 zai zama na ƙarshen zagayenka bayan ka gama kare kai. Ba abin da ya fi muni kamar fara zagaye ƙirga tana 11. Awakened One yana ƙara ƙarfi duk lokacin da ka kafa katin iko a rayuwarsa ta farko, don haka a kafa mafi muhimmanci kawai, sauran a riƙe har ya tashi a karo na biyu. A faɗan Donu da Deca, a fara da Donu, domin shi ke ƙara musu ƙarfi 3 sau ɗaya a kowane zagaye biyu.

Akwai zango na huɗu ga wanda ya tara makullai uku. Can ne Corrupt Heart yake da rai 750, ba ya karɓar ɓarna sama da 300 a zagaye guda, kuma kowane kati ka jefa yana cire maka 1. Damin da bai iya tsaron kai ba, kada ya wahalar da kansa.

Kantin cikin wasan yana cire kati ɗaya a kan zinare 75, farashin na ƙaruwa da 25 kowane karo. Cire Strike, katin duka mai rauni da ake farawa da shi, daga dami ya fi sayen kati mai ƙyalli amfani a mafi yawan lokuta, haka ma ƙin ɗaukar kati bayan faɗa in babu wanda ya dace.

Wasan yana da nakasu. Ba ya bayyana waɗannan tsare-tsaren bos sai ka mutu ka gane, kuma babu Hausa a harsunansa, alhali rubutun katukan shi ne wasan gaba ɗaya, sai mai ɗan Turanci. Zanensa ba na a zo a gani ba ne. A waya rubutun ƙanana ne, yatsa kuma kan ja katin da ba a yi niyya ba, babu kuma maɓallin janye kuskure. Hawa ɗaya na cin kusan awa guda, ko da yake ana iya fita a dawo daga ɗakin da aka tsaya. Bayan nasarar farko akwai matakan wahala 20, inda a na ƙarshe bos biyu ke jiranka a jere a zango na uku. Mai kwamfuta ko babban allo ya saya a can. Mai ƙaramar waya ma zai ji daɗinsa, sai dai ya saba danna kati ya karanta kafin ya sake shi.